Ramukan da ke jikin ƙofar ƙarfe ba kuskuren maƙeri ba ne

Tun daga lokacin da hoton wata ƙofar ƙarfe ta aikin hannu ya fara yawo a intanet, masu sharhi suka ɗora wa maƙerin laifi, suna cewa ya ɓata aikinsa da kansa saboda ƙananan ramukan da suka gani a kusurwoyin firam ɗin. Amma waɗannan ramuka da gangan aka huda su, kuma suna cikin zanen ƙofar tun kafin a yanka ƙarfe.

Matakan farko ba su da rikitarwa. Mai zanen gini yana ba da siffar ƙofar, a auna gurbin da za ta shiga, a yanka bututun ƙarfe masu kusurwa huɗu, a yi musu walda. Adon da ke jikin ƙofar ana lanƙwasa shi a kan maƙera, shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar ido, kuma shi ne masu ɗaukar bidiyo suka fi so, saboda tartsatsin wuta yana kyau a hoto.

Ƙofar da za ta zauna a waje, ruwan sama yana dukanta, fenti kaɗai ba ya isar ta. Saboda haka ake tsoma ta gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya, wato ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi. Wannan dabara ta daɗe, domin wani injiniya a Faransa mai suna Stanislas Sorel ya yi mata rajista tun a shekarar 1837. Kafin a tsoma ƙofar, sai an wanke mata maiƙo, a jiƙa ta cikin asid don cire tsatsa da ɓawon da ƙarfe ke fitowa da shi daga masana'anta, a ɗauraye, sannan a sa ta cikin wani ruwan sinadari da ke taimaka wa tutiya ta kama.

A nan ne maganar ramukan take. Duk waɗannan ruwaye suna iya kutsawa cikin bututun ta ƙananan kafofin da walda ta bari, waɗanda ido ba ya gani. Tukunyar tutiya kuwa zafinta yana kai wa digiri 450 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa idan ya zama tururi, girmansa yana ninkuwa fiye da sau 1,500, to ku auna abin da zai faru idan ɗan ruwa ya maƙale a cikin bututun da aka toshe ta ko'ina, sannan aka nutsa shi cikin wannan zafi. Bututun yana iya fashewa, ya watsa narkakken ƙarfe a kan mutanen da ke tsaye a bakin tukunyar. Shi ya sa ma'aikatan wurin da ake tsoma ƙarfe cikin tutiya suke duba kowane bututu kafin su karɓi aiki, kuma idan ba su ga rami ba, ko su mayar da ƙofar, ko su nemi izinin huda ta da kansu.

Ramukan suna da wani aiki kuma. Ana nutsa ƙofar ne a karkace: tutiya tana shiga ta ramin ƙasa, iska tana fita ta ramin sama, har cikin bututun ya lulluɓe kamar wajensa. Wannan yana da muhimmanci, domin tsatsar da ta fi cin ƙofa daga ciki take farawa, inda raɓa ke taruwa kuma buroshin fenti ba ya kaiwa. Idan babu ramin sama, iskar da ta maƙale tana hana tutiya taɓa wurin, wani lokaci ma ƙofar ta ƙi nutsewa. Bisa ISO 1461, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lulluɓe ƙarfe da tutiya, ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 6 yana buƙatar lulluɓin da matsakaicinsa ya kai maikuron 85, kusan kaurin silin gashi. Duk da wannan siranta, idan aka karce ƙofar, tutiyar da ke gefen karcen ita ce take fara lalacewa, ƙarfen kuma ya tsira.

A ganina, abin da ya dace a zargi maƙeri a kansa shi ne wurin da ya sa ramin. Ƙwararre yana ɓoye shi a ƙarƙashin ƙofa ko a gefen hinji, kuma yana gama waldar hinji da gurbin makulli kafin a tsoma, domin walda daga baya tana ƙone tutiyar, hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi.

Sauran aikin yana tafiya da sauri. Ana goge ɗigon tutiya da ya daskare, a fesa busasshen fenti mai kama da hoda, a gasa shi a tanda mai zafin kusan digiri 200. Ramukan sama ana iya toshe su bayan haka, amma na ƙasa a buɗe ake barin su don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.