Kuɓewa da Ruwan Zartsi: Yadda Ake Ban-ruwan Ɗigo Gishiri Bai Kashe Shuka Ba

Manoman rani, barkanku da aiki. A wasu wurare, musamman ƙasashen kanwa irin su Manga da kewayen Tafkin Chadi, sai ka haƙa rijiya ka tarar ruwan da zartsi. Kuɓewa kuwa ba ta cikin amfanin da ke jure gishiri sosai. Amma ana iya nomanta da irin wannan ruwa idan ta tiyon ɗigo aka shayar, wato tiyo mai ƙananan ƙofofi da ke ɗiga ruwa a gindin shuka, muddin an san inda gishirin yake zuwa bayan ya fita daga tiyo.

Kafin komai, a auna ruwan. Harshe ba ma'auni ba ne, domin kafin ka ji ɗanɗanon gishiri a baki, ruwan ya riga ya yi wa kuɓewa nauyi. Akwai 'yar na'ura mai kama da biro da ake tsomawa a ruwa, ana ce mata EC mita, tana nuna yawan gishirin da ke cikin ruwan. A ma'aunin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 0.7 babu damuwa, daga 0.7 zuwa 3 sai da kulawa, abin da ya haura 3 kuma matsala ce babba. Wasu na'urorin 700 da 3,000 suke rubutawa, abu ɗaya ne. Idan naka ya kusa 3, nemi ruwan daɗi ka surka a tanki: rabi mai 3 da rabi mai 0.5 za su ba ka wajen 1.75. A sake aunawa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya.

Yanzu dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙofar ɗigo. Ruwan yana jiƙa wuri mai siffar albasa. Tsakiyarsa, inda ruwa ke sauka kullum, a wanke yake. Gishirin gefe ake tura shi, da kuma sama inda rana ke busar da ƙasa. Ga shi nan, wannan farin zoben da ya zagaye jiƙaƙƙen wurin. Wato tiyon bai cire ko ƙwayar gishiri daga gonar ba, matsar da shi kawai ya yi. Duk aikin da ya rage shi ne hana shi komowa kan saiwa.

Saboda haka a shuka iri dab da ƙofar ɗigo, kamar yatsu uku zuwa huɗu daga gare ta, zurfin santimita 2 zuwa 3. Tiyo mai ƙofofi a tazarar santimita 30 ya dace, layi da layi kuma santimita 60 zuwa 90. Kada a shuka a ƙololuwar kunya nesa da tiyo, nan ne gishiri ke taruwa. Kafin shuka a buɗe ruwa ya jiƙa layin sosai. Lokacin tsiro da makonnin farko ne kuɓewa ta fi rauni, don haka idan kana da ɗan ruwan daɗi, a nan za ka kashe shi.

Shayarwa kullum ne, ba a tsallake rana. Duk sanda ƙasa ta bushe, ruwan ne ya tafi, gishirin yana nan, kuma ya ƙara kauri a ɗan danshin da ya saura. A ƙasar jigawa lokacin zafi, gara a raba biyu, safe da yamma. Ga lissafi: idan shukar da ta girma tana shan milimita 6 a rana, fili mai murabba'in mita 100 zai ci lita 600. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya zama 720. Wannan ƙarin ba ɓarna ba ne, shi ke wuce saiwa ya tafi da gishiri ƙasa. Sai dai dole ƙasar ta zama mai tsotse ruwa. A laka mai riƙe ruwa, ko inda ruwan ƙasa ke kusa, ƙarin kwanciya zai yi, gishirin ya dawo sama.

Ga wani abu da ke ba mutane mamaki: idan yayyafi ya sauko a farkon damina, kada ka rufe tiyo, buɗe shi ma za ka yi. Ɗan ruwan sama yana narkar da farin zoben nan ya gangara da shi kan saiwa, sai ka wayi gari ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Ruwa mai ƙarfi ne kaɗai ke wanke gona.

A lulluɓe layin da tattakar shinkafa ko busasshiyar ciyawa, don rage bushewar sama. Taki kuma kaɗan-kaɗan, sau da yawa, domin takin zamani shi ma gishiri ne. A guji ɗanyen kashin kaji. Idan ƙasa ta fara daskarewa a sama, ruwa yana kwanciya ba ya shiga, alamar kanwa ce, a nan jibsam, wani farin ma'adini da ake barbaɗa wa ƙasa, ke amfani.

Sai tiyon kansa. Ruwa mai farar ƙasa ko ƙarfe yana toshe ƙofofi da farin ɓawo ko jan tsatsa. A sa matata mai lamba 120 a bakin tanki, a riƙa wanke ta. Kowane mako a buɗe ƙarshen layuka ruwa ya feso har ya fito garau. Don gwaji, ajiye gwangwani ƙarƙashin ƙofar farko da ta ƙarshe na minti goma. Idan na ƙarshe ya gaza sosai, shukar can ba ta samun rabonta na wanki, kuma a can za ka fara ganin bakin ganye ya ƙone, fure na zuba, 'ya'ya na fitowa gajeru.

Bayan an gama tsinka, kada a mayar da tiyo wani sabon layi a shuka cikin tsohon zoben. Ko dai a bar shi inda yake, ko a malale filin da ruwa mai yawa, ko kuma a jira damina ta wanke shi tukuna.