Bado a Tsakar Gidan Inna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Kun dai ji carar zakara, kun san yau ba daga Landan nake magana ba. Ina ƙauyenmu a gefen Haɗeja, na zo hutun sati uku. Auta ne ke riƙe da wayar. Auta, matso nan ka haska musu cikin rabin duron nan.

Kun ga ganyen nan mai faɗi kwance a kan ruwa, ga farin fure a tsakiya? Bado ne. Gara da muka yi sauri, don wannan farin da dare yake buɗewa, rana na ɗagawa ya tsuke. Akwai mai shuɗin fure, shi kuma da rana yake buɗe nasa.

Abin da ya kawo ni ga wannan aiki, wata rana na je lambun Kew a Landan. Akwai wani ɗakin gilashi da aka gina tun 1852 saboda tsiran ruwa kawai, ana ɗumama shi don kada sanyi ya kashe su. Ciki har da wani ƙaton bado na Kudancin Amurka, ganye ɗaya faɗinsa kan kai mita 2. Mutane na ta ɗaukar hoto, ni kuwa na tsaya a gaban wani ƙarami, zuciyata ta koma tafkin bayan garinmu inda muke tsinko 'ya'yan bado muna yara. Wallahi sai da idona ya ciko. Da na zo bara na dasa wannan, Inna da Auta suka riƙe mini amana, ga shi bana na tarar da fure.

Inna, ki gaya musu abin da kika gaya mini jiya mana. To, ta ce ba ta son kyamara. Cewa ta yi a farin 1973 bado ya rufa wa gidaje da yawa asiri a nan. A tsinko 'ya'yan a shanya, a daka a tuƙa, saiwar kuma a dafa a ci. Shi ya sa da na ce zan dasa shi a tsakar gida ba ta musa ba.

Yanzu ga yadda ake yi, don yau za mu kafa na biyu. Ka samu rabin duro ko babban baho marar yoyo, ka ajiye inda rana ke samunsa aƙalla awa 6. A inuwar darbejiya ganye kawai zai yi ta yi, fure kuwa sai dai ka gani a tafki. Ƙasar da yake so ita ce lakar fadama mai danƙo. Kada ka zuba ɗanyen taki, ruwan zai yi kore ya yi wari. Ka cika kasko da laka, ka binne saiwar amma ka bar kan tsiron a waje, ka rufe da tsakuwa don kada lakar ta dame ruwan. Sai ka nutsar da kaskon, ruwa ya hau kansa kamar kamu ɗaya. Shi ke nan, sai ƙarin ruwa idan ya ja baya. Lokacin hunturu ganyen zai ragu, kada ka ce ya mutu. A tafki ma idan ruwa ya ƙafe saiwar na kwance cikin laka har damina.

Ku saurare ni da kyau a nan. Duk abin da ka ɗebo daga tafki ka wanke shi sarai, ka duba bayan kowane ganye ka cire 'yan ƙananan dodon-koɗi. A jikinsu ƙwayar tsargiya ke girma, cutar da ke sa yara fitsarin jini, kuma mu mutanen bakin ruwa mun san ta. Sauro ma zai so ya yi ƙwai a ciki, shi ya sa muka saka 'yan ƙananan karfasa guda 3 suna cinye tsutsar. Idan sun girma a cire su, don suna taɓa ganye. Tarwaɗa kuwa sam, tone lakar za ta yi. Wannan ragar waya da ke jingine, ita muke rufawa saboda yara masu rarrafe da awaki.

Wannan mai yawo a gefe kainuwa ce, dashen Allah, ba ta neman ƙasa. Amma duk sati sai Auta ya kwashe rabi, in ba haka ba ta rufe ruwan gaba ɗaya. Wani maƙwabci ya ce in ƙara da kachala. Na ce a'a. Ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki, ba za ta shigo gidan Inna da hannuna ba.

Auta, kashe haka nan ka miƙo mini kaskon. Bayan sallar isha'i za mu dawo da tocila, ku ga yadda furen ke buɗewa.