An Ga Farin Tabo a Bakin Mahaifarki: Me Za a Yi Miki?

[Hoto: ɗakin duba mata a asibiti, an ja labule]

Nas ta gama duba ki, ta cire safar hannu, ta ce, "Hajiya, mun ga wani farin tabo a bakin mahaifarki." Nan take gaba ya faɗi. Sauran bayanin da take yi ma ba ya shiga kunne, domin zuciya ta riga ta yanke hukunci: kansa ce, wato ciwon daji, kuma cire mahaifar za a yi.

Kwantar da hankalinki. A mafi yawan lokuta tabon nan bai zama kansa ba tukuna, ƙwayoyin fatar wurin ne suka fara sauyawa. Mai haddasa hakan ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Akasarin manya sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, jikinsu ya kore ta da kansa. Takan kuma yi shekaru a kwance shiru, don haka kada wannan ya jawo zargi tsakanin mata da miji. Idan ta ƙi tafiya, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin tabon ya rikiɗe ya zama kansa. Ga mai HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 ma sun isa.

[Hoto: zanen bakin mahaifa]

Aikin kawar da tabon ba ya bukatar kwanciya a asibiti. Za ki kwanta rigingine, a saka wannan ƙarfen mai kama da bakin agwagwa don a buɗe hanya, a shafa ruwan khal. Cikin minti ɗaya wurin da ya lalace zai yi fari.

Idan tabon ƙarami ne kuma ana ganinsa gaba ɗaya, sai a ɗora masa kan wata 'yar na'ura mai zafin digiri 100, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Jin digiri 100 kaɗai ya isa ya sa mace ta ɗauki mayafinta ta gudu, amma bakin mahaifa ba ya jin zafi irin na fatar hannu. Abin da za ki ji bai wuce murɗawar mara irin ta lokacin al'ada ba, shi ya sa galibi ko allurar kashe zafi ba a yi. Wasu asibitocin da sanyi suke aikin, a daskarar da wurin da iskar gas.

Idan kuwa tabon ya yi faɗi, ko ya shige cikin ƙofar mahaifa, sai a koma ga LEEP. A nan likita zai yi allurar kashe zafi a wurin, ya ɗauko siririyar waya mai lanƙwasa da lantarki ke bi ta cikinta, ya shafto fatar da ta lalace. Za ki ji ƙarar na'ura, wataƙila ki ji ɗan ƙauri, kada ki tsorata. Minti 10 zuwa 20 an gama. Naman da aka ciro ana tura shi ɗakin gwaji a tabbatar babu kansa a ciki. Mahaifarki tana nan daram, kuma za ki iya ɗaukar ciki. Sai dai bayan LEEP haɗarin haihuwa kafin wata tara yakan ɗan ƙaru, saboda haka ki faɗa musu a wurin awo. In kuma akwai ciki yanzu, ki faɗa tun kafin a fara.

[Hoto: kalanda, an zagaye mako huɗu]

Inda aka fi yin sake shi ne bayan an koma gida. Ruwa zai riƙa zuba, wani lokaci da ɗan jini, har mako biyu zuwa huɗu. Ciwon ne yake warkewa, a sa audugar mata kawai. Tsawon mako huɗun nan babu saduwa, babu matsi, babu cusa wani haɗin kayan mata komai yabon da mai sayarwa ta yi masa. Maigida, wannan maganar da kai ake. Ciwo ne ɗanye a wurin da ido ba ya gani, kuma haƙurin wata guda bai kai jinyar da famin ciwon zai jawo ba. Ya fi kyau ma ka raka ta, ka ji daga bakin nas da kunnenka.

Idan jini ya fi na al'ada yawa, ko zazzaɓi ya zo, ko ruwan ya fara wari, ko mara ta matsa da ciwo, a koma asibiti a ranar, kada a tsaya kemis.

A shekarar 2020 mata kusan 8,000 wannan kansar ta kashe a Najeriya. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, in kina da 'ya a wannan shekarun ki kai ta. Ke kuma, bayan wata 12 za a sake duba ki, domin wani lokaci tabon yakan dawo. Kafin ki bar ɗakin, ki sa nas ta rubuta miki ranar a bayan katinki.