Sitiyari, Feda da Mazauni: Wanne Ya Fi Cancantar Kuɗinka a Wasan Tseren Mota?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

Ku ƙaddara wani bawan Allah yana buga wasan tseren mota a ɗakinsa, zaune a kan kujerar ofis mai tayoyi. Ya tunkaro kwana a guje, ya taka birki iya ƙarfinsa, sai kujerar da yake kai ta sulale baya, fedar kuma ta yi gaba ta daki bango. Motar da ke cikin allo ta zarce kwanar, ta afka cikin tsakuwa. Sitiyarin da ke hannunsa kuwa mai tsada ne, lafiyarsa ƙalau. Ƙafarsa ce ba ta samu abin dogara ba.

Duk wanda ya gaji da buga wasan tsere da ɗan abin riƙewa na hannu, tambayarsa ta farko ba ta wuce "wane sitiyari zan saya?" Za mu amsa ta. Amma ku riƙe hoton mutumin nan a ranku, don a kansa za mu kwana.

Kafin komai, a kan me kake wasa? Idan kwamfuta ce, kusan kowane sitiyari zai karɓe ka. Idan PlayStation ce ko Xbox, to sai ka buɗe ido, domin kowanne da nasa. Logitech G29 na PlayStation ne da kwamfuta, ɗan'uwansa G920 na Xbox ne da kwamfuta, alhali a ciki kusan abu ɗaya ne. Shi ma G923 da ya fito a 2020 iri biyu aka yi shi. A wajen kamfanin Fanatec abin ya fi haka sarƙaƙiya: lasisin PlayStation yana cikin akwatin injin, na Xbox kuma yana cikin kewayen da kake riƙewa. Mai son wasan Gran Turismo 7 a PlayStation da mai son wasan Forza a Xbox ba shago ɗaya za su tsaya ba ke nan. Karanta kwalin sau biyu kafin ka biya.

To, sitiyarin kansa. Akwai abu ɗaya da idan babu shi, ajiye ka wuce, komai kyan fitilunsa. Masu harkar suna ce masa fos fidbak. Wani inji ne a ciki da ke ja-in-ja da hannunka. Idan tayoyin gaba sun kama kwalta, za ka ji sitiyarin ya yi nauyi. Idan sun fara zamewa, sai ya yi sakwaf a hannu. Idan bayan motar ya nemi ya juyo, sitiyarin da kansa zai fara komawa ɗaya gefen tun kafin idonka ya gane abin da ke faruwa. A motar gaske jikinka ne ke jin wannan ta kujera. A ɗaki kuwa kujera ba ta motsi, saƙon duk ta hannu yake zuwa.

Masu arha sosai ba su da wannan. Sifirin ne ko roba kawai ke mayar da su tsakiya, kuma juyinsu ba ya wuce digiri 180 ko 270. Araha ba ta ado. Nemi mai digiri 900, wato zagaye biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ko mai 1080 irin Thrustmaster T300 RS. Motar Fomula Wan ba ta buƙatar wannan duka, wasan zai rage shi da kansa ko kai ka rage. Amma ranar da ka hau tirela a Euro Truck Simulator 2, za ka gode wa kowane digiri.

Yadda ƙarfin injin ke isowa hannunka iri uku ne. Na farko ta haƙoran giya, kamar a G29 da aka fitar a 2015 kuma har yau ake sayensa. Yana da jure wahala, sai dai ƙarfinsa kusan Nm 2 ne kawai (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawar inji), kuma idan ka hau gefen titi yana ƙara kaf-kaf-kaf har na ɗakin kusa ya ji. Na biyu ta bel, irin T300 ɗin nan, mai kusan Nm 4. Ya fi laushi, ya fi shiru, amma bel roba ce, tana shanye wasu ƙananan saƙonni kafin su iso tafin hannu.

Na uku shi ne wanda aka ɗaura sitiyarin kai tsaye a kan sandar injin, babu giya babu bel a tsakani. Darek diraib ke nan. Da can sai masu hannu da shuni, har zuwa 2021 da Fanatec ya fito da CSL DD mai Nm 5, wanda ke kaiwa 8 idan an sauya masa abin ba da wuta. Moza ya biyo da R5 mai Nm 5.5. Akwai kuma waɗanda suka fi haka ƙarfi: Logitech yana da mai 11, Simucube 2 Pro kuwa 25.

Kada lambobin nan su ruɗe ka. Amfanin ƙarfi ba wai ka yi kokawa da mota ba ne. Amfaninsa shi ne sarari. Idan injin ƙarami ne kuma ka murɗa ƙarfin wasan har ƙarshe, duk wata kwana mai nauyi za ta kai shi maƙura, daga nan ko taya ta fara zamewa ba za ka ji bambanci ba, kamar lasifikar da aka ƙure har murya ta dishe. Babban inji da aka rage masa ƙarfi yana da wurin da zai ƙara faɗa maka wani abu. A ganina, daga Nm 5 zuwa 8 ya ishi mafi yawan mutane shekaru. Wanda ya haura 15 kuwa abin tsoro ne: idan motar ta daki bango, saki sitiyarin, kada ka bar babban yatsa a cikinsa. Ba a banza ake haɗa manyan da maɓallin kashewa na gaggawa ba, kuma ba kayan da za a bar wa yaro ba ne.

Yanzu mu sauka ƙasa, inda ake cin tsere ko a faɗi.

Totur da kuloci ba su da wata doguwar magana. Birki ne maganar. Fedar da ke zuwa cikin kwali tare da sitiyari, yawanci nisan takawa take aunawa: ka tura ta rabi, ta ce wa wasan birki rabi. Wasu da ɗan abin murɗawa irin na ƙarar rediyo suke aunawa, wanda ƙura ke shiga ya fara rawa bayan an daɗe. Wasu da mayen ƙarfe, babu abin da ke gogar wani, don haka sun fi daɗewa. Amma duka biyun nisa suke aunawa, kuma ƙafar ɗan Adam ba ta iya tuna nisa. Ce wa mutum ya tura ƙafarsa santimita uku daidai sau goma a jere, ido a kan allo, ka ga yadda za a kwashe.

Abin da ƙafa ta iya tunawa shi ne nauyi. Nan ne birki mai lod sel ya shigo. Shi kamar sikeli yake: ba ruwansa da inda fedar ta tsaya, ƙarfin da ka danna yake karantawa, kamar yadda birkin motar tsere ta gaske ke aiki da matsin mai. Thrustmaster T-LCM, alal misali, yana iya auna har kilo 100, ko da yake ba wanda ya ce sai ka kai can, a cikin saiti za ka zaɓi iyakar da ƙafarka za ta iya.

Me wannan zai ƙara maka? Direban kirki ba ya taka birki ya sake shi gaba ɗaya. Yana danna shi da ƙarfi a miƙaƙƙen titi, sannan ya riƙa sassautawa a hankali yayin da yake karya sitiyari, don nauyin motar ya zauna a kan tayoyin gaba har tsakiyar kwana. Wannan sassautawar ita ce gwaninta, kuma da matsi ake yin ta. Ranakun farko za ka ji kamar bulo kake takawa, lokacinka ma zai iya lalacewa. Yi haƙuri da shi mako ɗaya ko biyu. Ba lalle ne zagayenka mafi sauri ya ragu da yawa ba, amma za ka ga zagaye na biyar ya yi kama da na goma sha biyar, kuma a tsere mai tsawo wannan ne ke kai mutum gaba.

Shi ya sa idan aka ba ni zaɓi tsakanin babban sitiyari da feda ta roba, ko matsakaicin sitiyari da birki mai lod sel, ko tunani ba zan yi ba. Na biyun zan ɗauka.

Sai dai fa birki mai tauri yana zuwa da sharaɗinsa, kuma nan muka dawo kan mutumin farko. Duk kilon da ka danna gaba, shi zai tura ka baya. Tebur mai kauri da abin matsewa zai riƙe G29 ko T300 lafiya lau, kuma fedar Logitech tana da wasu haƙora a ƙasa da ke cizon kafet. Amma ka ɗora Nm 8 a kan siririn tebur, allo da kofi da komai za su yi ta rawa, saƙon da ka biya kuɗi don ka ji ya tafi a jijjigar katako.

Mataki na gaba shi ne mazaunin ƙarfe mai naɗewa, wanda ke riƙe sitiyari da feda wuri ɗaya, ka jingina shi a bango idan ka gama. Kafin ka saya, duba abu biyu. Farantin feda, idan an taka, yana lanƙwasa? Kuma sandar da ke riƙe sitiyarin a tsakiyar ƙafafu take ko a gefe biyu? Mai sanda a tsakiya yana tare wa ƙafa hanya tsakanin birki da totur, kuma ya fi girgiza. Ka tabbatar ramukan noti sun dace da naka injin. Playseat Challenge, wato kujerar nan mai naɗewa, ta warware matsalar zamewa don nauyinka ne ke danne komai, amma ba don manyan injuna aka yi ta ba. Wanda ya san ya zauna a harkar, kuma yana da wuri a ɗaki, ƙarshenta firam ɗin almini mai kwarmi zai koma, wanda ake ɗaure komai a duk inda ake so. Sitiyari zai tsufa a sauya, shi kuwa yana nan. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Sandar giya da birkin hannu? Bari sai daga baya. Yawancin motocin tsere na yanzu da 'yan faifan bayan sitiyari ake sa musu giya, kuma suna zuwa tare da shi. Sai fa idan tsofaffin motoci ko tseren daji ne abin sonka.

Idan kuma ka zauna, daidaita kanka: gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗa ba ta barin jikin kujera ko ka juya sitiyari, gwiwar ƙafa kada ta miƙe sarai ko ka danna birki har ƙarshe.

Shi kuwa abokinmu mai kujerar ofis, kafin ya tara kuɗin mazauni akwai dabara. Ya jingina bayan fedar da bango, ko ya sa guntun katako a tsakani. Sannan ya samo tsofaffin takalma biyu, ya zura tayoyin kujerar a ciki. Ga shi nan ya sake tunkarar kwanar. Ya taka, kujera ta tsaya cak, motar ta shige ciki.