Lacca: Sauya Fayilolin Kyamarar Bidiyo Domin Tacewa Ba Tare da Hoto Ya Lalace Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da ɗalibai da 'yan'uwa masu sana'ar ɗaukar bidiyo, barkanmu da wannan lokaci. Maganata ta yau a kan ƙorafin da masu tace bidiyo suka fi yi ne, wato a ɗauko hoto tangaran a kyamara, amma kafin aikin ya isa hannun mai shi ya dusashe.

Da yawa daga cikin ƙananan kyamarorin hannu na Sony da Panasonic da Canon, musamman tsofaffi, suna ɗauka ne da tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a shekarar 2006, kuma sunan fayilolinsa yana ƙarewa da MTS. Domin hoton ya samu shiga ƙaramin kati, kyamarar ba ta adana kowane hoto cikakke. Takan adana guda ɗaya cikakke, sannan ta rubuta bambancin da ke tsakaninsa da waɗanda ke biye da shi kawai. Saboda haka duk lokacin da kuka tsayar da bidiyon domin ku yanka, sai kwamfuta ta sake gina hoton daga maƙwabtansa, kuma wannan ne ke sa ta riƙa cijewa.

Abu biyu ne nake so ku rarrabe. MTS da MP4 da MOV mazubai ne kawai, shi kuwa H.264 hanya ce ta matse hoton da ke cikin mazubin. Wanda ya juye fura daga ƙwarya zuwa kwano bai taɓa ɗanɗanonta ba. Idan matsalarku ita ce manhajar tacewa ta ƙi buɗe MTS, mazubi kawai za ku sauya, kuma manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, tana yin haka da umarnin "-c copy" cikin ɗan lokaci, ba tare da ta taɓa hoton ba. Amma da zarar kun bar wata manhaja ta sake matse hoton da H.264, to an zubar da wani abu daga cikinsa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Za ku fara ganin ɓarnar a wurare masu duhu da kuma a kan aikin zaren babbar riga, inda ƙananan zane suke narkewa su zama dunƙule.

Idan kuwa kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, sai a mayar da fayil ɗin zuwa tsarin ProRes na Apple ko DNxHD na Avid, waɗanda suke adana kowane hoto shi kaɗai. Ba za su ƙara wa hoton kyau ba, ku cire wannan daga ranku, amma asarar da suke jawowa ido ba ya ganinta. Tsadarsu ita ce wurin ajiya: bidiyon awa ɗaya da ya ci kusan gigabait 11 a AVCHD zai kai wajen 55 a ProRes 422. A ganina, mai ƙaramin jari ya fi dacewa ya yi wa kowane fayil ƙaramin kwafi mara nauyi ya yi yankansa da shi, domin manhajojin tacewa na Premiere Pro da DaVinci Resolve duka suna iya komawa kan na asali a lokacin fitar da aiki.

Ku kula kada ku canza yawan hotunan da ke cikin daƙiƙa. Abin da aka ɗauka a 25 ya zauna a 25, domin mayar da shi 30 yana sa motsi ya riƙa tsalle. Wanda ya ɗauka da tsarin 1080i kuma, wato tsarin da ke raba layukan kowane hoto gida biyu, zai ga layuka-layuka a gefen hannun mai motsi, kuma gyaran wannan sau ɗaya ake yinsa a dukan aikin.

Sai batun kwashe fayiloli daga kati. Ku kwafi babbar foldar PRIVATE da ke kan katin gaba ɗayanta, ba abin da ke cikin ƙaramar foldar STREAM kaɗai ba, saboda katin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, kyamara kuma takan daddatsa doguwar ɗauka gida-gida. Bayanan da suke haɗa gutsattsarin suna cikin sauran fayilolin, kuma idan babu su kuna iya jin sauti ya ɗan yanke a mahaɗa, wataƙila daidai lokacin da liman yake ɗaura aure. Kada ku goge katin sai kun tabbatar kwafin yana wuri biyu kuma dukansu suna buɗewa.