Ƙauyen da Ya Tara Tarihinsa da Hannunsa

(An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar a wani zaman Hausawa mazauna Jidda, bayan sallar isha'i.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Iyayena malamai, iyayenmu mata da ke can ɓangarensu, yayye da ƙanne, da samarin da ke tsaitsaye a bakin ƙofa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan inda magidanci zai kai iyalinsa idan an samu hutu. Kowa ya san yadda muka saba: ranar Juma'a da yamma a cika mota, a nufi bakin teku ko manyan kantuna, yara su sha askirim, a dawo. Wanda ya ɗan ji ƙarfi ya haura Ɗa'ifa shan iska. Duk wannan babu laifi. Amma yau wani ƙauye nake so in ba ku labarinsa, sunansa Rijal Alma, a yankin Asir, kudancin ƙasar nan, kimanin kilomita 45 yamma da garin Abha.

Ƙauye ne da ke kwance a gindin duwatsu, a kan tsohuwar hanyar fatake da alhazai da ke tasowa daga Yaman su nufi Makka da Madina. Kasuwanci ne ya gina shi, kuma da ka ɗaga kai ka ga gidajen za ka san masu hali ne suka yi su. Benaye ne kusan 60, na dutse da laka da katako, wasu hawa shida ko fiye, an jera su a jikin tudu wani bisa wani. Dutsen ginin duhu gare shi, sai suka riƙa tsarma farin dutse mai ƙyalli a kewayen tagogi da saman bango. Ba siminti, ba rodi, amma ga su nan tsaye shekaru ɗaruruwa.

To, ba ginin ne ya fi ɗaukar hankalina ba, abin da mutanen suka yi ne. Da zamani ya zo, aka samu kwalta da lantarki da aikin albashi, sai jama'a suka riƙa barin tsofaffin gidajen suna komawa sababbi, wasu suka tafi birane. Gidan laka kuwa idan ba mai kwana a ciki, ruwan sama ne ke gadonsa. A shekarar 1985 mutanen garin suka ce ba za su zura ido ba. Suka zaɓi ɗaya daga cikin manyan benayen, wanda ake kira Ƙasr Al Alwan, suka gyara shi da kuɗinsu da guminsu, suka mai da shi gidan tarihi. Ba su jira wata hukuma ta turo musu masana ba. Wannan ya kawo bindigar kakansa, wancan ya kawo takardar cinikin gona, wani ya kawo ma'aunin da ubansa ke awo da shi a kasuwa. Mata suka kwance kayan adonsu na azurfa suka bayar. Ku tsaya ku yi tunanin wannan, iyayena mata, ku da kuka san darajar abin da uwa ta bar wa 'yarta. A ce mace ta ciro awarwaron da ta gada, ta miƙa shi domin jikokin wasu su gani, ai ba ƙaramin abu ba ne. Haka aka yi ta tarawa har kayan suka haura dubu biyu, aka rarraba su ɗaki-ɗaki: nan kayan noma, nan kayan girki, nan makamai, nan tufafi, nan rubuce-rubuce.

Bangon cikin gidan ma matan garin ne suka ƙawata shi da zanen da ake kira Al-Ƙaɗɗ al-Asiri. Sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. A shafe bango da farar ƙasa, a ja layuka da baƙi, sannan a cike da ja da kore da rawaya da shuɗi, siffofi masu kusurwa uku-uku suna hawa kan juna har rufi. Babbar mace mai gwaninta ita ke jan layi, 'yan mata na biye suna cikewa, a haka ake koyo. Wadda ta yi suna a wannan aiki a Rijal Alma ita ce marigayiya Fatima Abu Ƙahas. Duk wadda ta taɓa yin jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa, ta tsara kwalla da langa bisa tsari har sama, za ta gane abin da waɗannan mata ke nufi: ɗaki shi ne fuskar mai shi. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan zane cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye, a 2021 kuma hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙauyen cikin fitattun ƙauyukan duniya. Gwamnati ta shigo daga baya, an yi gyare-gyare, an kawata filin gaban ƙauyen. Amma tushen abin 'yan sa kai ne, mutanen gari.

Ga wanda ya yi niyya, tafiya ce ta kusan kilomita 600 daga nan, saboda haka ba ta wuni ɗaya ba ce, a shirya kwana. Hanyar gaɓa ta bi ta Lis da Ƙunfuza, ka karkata zuwa Muhayil, daga nan ka isa ba sai ka haura Abha ba. Wanda ya sauka a Abha kuwa zai gangaro ne daga duwatsun Suda, masu tsayin kusan mita 3,000, ta wata gangara mai kwana-kwana wadda take son birki mai kyau da direba mai haƙuri. Hazo kan rufe ta, kada a bi ta da dare. Akwai gwaggon biri a bakin hanya, a hana yara miƙa musu abinci ta taga. Kuma ku sani ƙauyen yana ƙasa ne, ya fi Abha zafi nesa ba kusa ba, don haka lokacin sanyi ya fi daɗin zuwa.

Roƙona babba shi ne kada ku bar tsohuwa a gida. Na san matakalar gidan ƙunci gare ta, kuma tsaye take, mai ciwon gwiwa ba zai kai hawa na sama ba. Ko hawa na farko ta tsaya ya isa. Domin yaronka da aka haifa a Jidda, wanda Larabci ya fi masa sauƙi a baki, idan ya tsaya gaban dutsen niƙa shi kaɗai, dutse kawai zai gani, ya ɗauki hoto ya wuce. Idan kakarsa na gefe, za ta ce masa, "Zo nan, mai gidana, da irin wannan na niƙa gero kafin a haifi ubanka." Sai ka ji tambaya ta ɓalle. Wannan salka ce, a ciki ake ɗaukar ruwa. Wannan lauje ne. Wannan abin kaɗa nono ne, mu da gora muke yi. Ga Hajiya can tana gyaɗa kai, ta san abin da nake faɗa. A sa'a biyu yaro zai ji kalmomin Hausa da bai taɓa ji ba duk zamansa a gida, saboda a gida babu abin da zai jawo su.

Idan kun tarar da dattijon gari yana zaune a wurin, ku gaishe shi gaisuwa ta mutunci, ku sa yara su gaishe shi, ku bar shi ya yi bayani ko da kun riga kun karanta. Yawanci abin da yake nuna muku na gidansu ne ko na maƙwabtansu. Za ku ga maza da kambun furanni da ganyen ƙamshi a ka, adonsu ne na gargajiya, a ja wa yara kunne kada su yi dariya ko nuni da yatsa, kuma a nemi izini kafin a ɗauki mutum hoto. Ku biya kuɗin shiga da daɗin rai, ku sayi zumar yankin, wadda ta yi suna, domin da irin wannan ɗan ciniki ne wuri ke rayuwa.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin nan maganar ta nufa. Mu nan akwai waɗanda kakanninsu suka zo ƙasar nan da ƙafa. Suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina, suka ratsa Barno da Chadi, suka shiga Darfur ta Junaina, suka bi Fashir da Ubayyid har bakin Nilu. Wasu sun shekara biyar, wasu goma a hanya, suna tsayawa suna noma, suna tsintar auduga a yankin Jazira na Sudan don su tara guzuri. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a da yawa suka yi hijira gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin na nan da sunansa har yau. Waɗanda suka ci gaba suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin da Bur Sudan, suka zauna a Jarwal da Misfala da Shari'a Mansur a Makka, da unguwanninmu na nan Jidda. Ina gafakar da suka rataya Alƙur'ani a ciki? Ina allon, ina buzun, ina butar, ina sandar? Ina takardar tafiya mai tambarin Turawan Sudan?

Kun ga abin da ya faru daga ƙarshen 2021, lokacin da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda, Sabil da Karantina da Gulail da sauransu. Mutane suka tashi cikin gaggawa, motar kaya ɗaya, gidan haya mai ɗaki biyu. Firji ya shiga mota, na'urar sanyaya ɗaki ta shiga, adudun tsohuwa aka ce ba wuri. Wallahi raina yana ɓaci idan na tuna yawan abin da ya tafi bola a watannin nan, kuma ba wanda ya yi don mugunta, rashin wurin kai shi ne. Da muna da ɗaki guda da aka sani, da an kai.

'Yan uwanmu na Sudan da ke zaune a nan sun san wani darasin da ya fi wannan ɗaci. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 bai bar gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum ba, an wawashe shi. Wato ajiye kaya a gini ɗaya bai wadatar ba. Sai an ɗauki hoton kowane abu, an rubuta na wane ne, daga ina ya zo, me ake yi da shi, an naɗi muryar mai shi, an rarraba wa mutane da yawa. Wannan aikin samari ne, ku da wayoyin nan ba sa barin hannunku. Zauna gaban kakarka, ka danna, ka ce, "Kaka, ta wane gari kuka bi?" Ka yi shiru ka bar ta.

Ban ce mu tashi gobe mu buɗe gidan tarihi ba. Wannan yana da dokokinsa da izininsa a ƙasar nan, kuma a matsayinmu dole mu bi ta ƙofa. Abin da ke hannunmu yau shi ne mu san me ya rage da kuma gidan da yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutanen Rijal Alma ma ba mutum ɗaya ne ya cika ɗakunan nan ba. Ga littafi nan zai zagaya, ɗaya wajen maza, ɗaya wajen mata. Duk mai wani tsohon abu a gida, ko ludayi ne, ko wasiƙar da aka aiko daga gida da ajami, ya rubuta sunan abin da sunan wanda ya zo da shi. Ba za a karɓi kayan kowa ba, yana nan hannun mai shi. Samari uku ko huɗu nake nema da za su riƙa bin gidajen nan ranar Asabar da izinin masu gida, kuma a samu 'yan mata da za su shiga wajen iyayenmu mata. Mai so ya same ni bayan addu'a. Malam, bismillah, a rufe mana.