Ƙusoshin Gandun Montpelier

Hadiza: Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Malam Bashir da ƙanena Sani, za mu leƙa jihar Virginia ta Amurka, gandun Montpelier, gidan James Madison, shugaban ƙasar na 4. Malam, wai a can ba sai mutum ya yi digiri ba kafin a bar shi ya haƙa ƙasa neman kayan tarihi?

Malam Bashir: Haka ne, Hajiya. Rajista za ka yi, ka shafe mako guda tare da masu binciken kayan tarihi. A ba ka ɗan cokali irin na magina, ka durƙusa kana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, a zuba a rariya a tankaɗe. Har masu na'urar gano ƙarfe ana gayyata, duk inda ta yi ƙara su kafa 'yar tuta.

Sani: To me ake samu, Malam? Zinariya?

Malam Bashir: Ƙusa, Sani, mai tsatsa. Amma ita ke nuna inda ɗakunan bayi suke, don na katako ne, sun daɗe da ruɓewa. Wadda aka ƙera da hannu, kanta na ɗauke da sawun guduma, gefe-gefe. Ta inji, da ta fara yaɗuwa wajen 1800, daban take. Da haka ake kimanta shekarun gini.

Hadiza: Wa ke ƙera su?

Malam Bashir: Bayi. Mahaifin Madison na da maƙera a gandun, kuma sunan wani maƙeri, Moses, ya fito a takardunsu. A Monticello, gandun Thomas Jefferson, shugaban Amurka na 3, an buɗe wurin ƙera ƙusa a 1794, yara 'yan shekara 10 zuwa 16 ke aikin. Jefferson da kansa kan auna ƙarfen da aka ba yaro, ya auna ƙusoshin da ya fitar, don ya ga nawa ya salwanta.

Hadiza: Innalillahi. Yaro na gaban wuta yini guda, ana bin sa da sikeli.

Malam Bashir: Cikinsu akwai Joseph Fossett, wanda ya zama babban maƙerin gandun. Wasiyyar Jefferson ta 'yanta shi bayan rasuwarsa a 1826, amma a 1827 aka yi gwanjon matarsa da 'ya'yansa.

Sani: Ni Yaya, abin da ke damuna ke nan. Kowa ya biya kuɗi ya zo ya tone inda kakannin wasu suka sha wuya. Su jikokin fa?

Hadiza: Tambayarka na kan hanya. A 2021 aka amince jikokin bayin Montpelier su sami rabin kujerun hukumar wurin. A 2022 aka nemi janye alkawarin, aka yi ta ja-in-ja, daga baya suka samu.

Malam Bashir: Ni kuma da za a ji tawa, kowace haƙa a sa maƙeri a ciki. Wanda ya saba da zuga-zugi da awartaki, ka miƙa masa guntun ƙarfe, zai ce maka nan wuta ta yi yawa, nan hannun ɗan koyo ne. Littafin ubangida bai rubuta wannan ba.

Sani: To mako mai zuwa mu nemo maƙeri, mu ji daga bakinsa.

Hadiza: In sha Allahu. Malam, mun gode.